Farin Yadin Iya Leitu

Murfin kwalba ne, ɗan ja, yashe a kan tsakuwar ƙofar madafa. Fuatino ta gan shi tana wucewa da kwandon gwaza, har ta sa ƙafa ta ture shi gefe don kada wani ya taka. Sai da ta ƙara taku uku sannan ta tsaya cak. Ta san murfin nan. Na kwalbar lemon da suke zuba kananzir ne. Da rana da ta hura wuta, ita ta ɗora shi a bakin kwalbar ba ta murɗa sosai ba, ta ajiye ta a gindin ginshiƙi da niyyar in ta wanke hannu ta mayar da ita saman rufi inda take zama. Ba ta mayar ba.

Kwandon ya suɓuce mata, gwaza ta watse a tsakar gida.

A bayan madafa ta sami 'yarta Lupe, mai shekara biyu da rabi, zaune da ƙafafu miƙe, kwalbar a kwance kusa da ita. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Tana tari, amma tarin ba ya fita, sai ya maƙale a wuya ya koma. Ba ta kuka. Wannan ne ya fi kaɗa hantar Fuatino, domin Lupe yarinya ce da ko ƙuda ya sauka mata a hanci sai maƙwabta sun ji.

Ta ɗauke ta ta fita da gudu tana duba gidaje, ko da yake ta san ba kowa. Tun da asuba rabin mutanen garin nan, Vaomea, suka tafi jana'iza can gabashin tsibiri da tabarmin da ake kaiwa gaisuwar mutuwa, har da surukanta, har da motar fasto da a-kori-kura ɗaya tilo da ke garin. Ita aka bari, don matar da aka auro daga wani gari ita ce mai tsaron gida da ba aladu abinci. Mijinta Ioelu kuwa watansa biyar a New Zealand yana tsinkar tuffa. Ta kira asibitin gunduma, aka ce motar asibiti ta fita da mai naƙuda zuwa wancan gefen, ta yi ƙoƙari ta kawo yarinyar. Kafin ta tambayi me za ta yi mata, wayar ta mutu.

Abin da ta taso tana ji shi ne, in yaro ya sha abin da ba a sha, a ɗura masa madarar kwakwa a sa masa yatsa a maƙogwaro. Har ta durƙusa ta kai yatsa bakin Lupe, yarinyar ta datse haƙora ta kau da kai. A daidai nan ta jiyo kiɗa daga nesa, yana tasowa yana nutsewa da kwanar hanya. Motar Sakaria ce, bas ta ƙarshe daga tashar jirgin ruwa, mai bi ta gaban asibiti. In ta wuce, sai gobe.

Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar kwalta ba sai ranar. Sakaria ya taka birki, katakon motar ya yi ƙara kamar zai rabu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga abin da ke hannunta, ya miƙo hannu ya tallafi yarinyar har uwar ta hau matakala.

Motar ta cika maƙil kamar kullum ranar kasuwa. Tsofaffi a gaba, samari a baya, kowace kujera mutum biyu da wasu biyu a kan cinyarsu, buhunan fulawa da kwalin kifin gwangwani a tsakiyar hanya. Fuatino ta sunkuya tana neman gafara, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Wata ƙatuwar mata ta kamo ƙugunta ta zaunar da ita a cinyarta, tana cewa cinyar nan ta ɗauki waɗanda suka ninka ta uku kuma ba ta karye ba. Wata tsohuwa kuma a kujerar da ke kallonsu, 'yar siririya mai farin gashi a ƙudundune, ta karɓe Lupe ba tare da ta tambaya ba, yadda ake karɓar ɗan kowa a mota. Tana karɓa ta ɗage hanci.

"Kananzir?" ta ce.

Fuatino ta gyaɗa kai.

"Ta yi amai?"

"A'a, Iya. Na so in sa ta, ta ƙi."

"Ta fi ki wayo."

Labari ya bi motar daga kujera zuwa kujera. Daga baya wani mutum ya aiko da ɗanyar kwakwa hannu da hannu, yana ɗaga murya cewa a fasa a ɗura mata, haka aka yi wa ɗan ƙanwarsa ya amayar da komai. Tsohuwar ba ta ko waiwaya ba. Ta ce a mayar masa da kwakwarsa, likitancinsa ya ajiye wa aladunsa. Shekara ashirin da biyu ta yi tana sharar asibiti, in ji ta, ko tsintsiyarta ta san cewa kananzir in ya sauka ba a dawo da shi, don a hanyar dawowa yake shiga huhu. Wasu suka yi 'yar dariya, mai kwakwa ya yi gunaguni ya karɓi abarsa. Fuatino ta dubi yatsanta, sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Tsohuwar ta tuɓe wa Lupe jiƙaƙƙiyar rigar ta cusa a ƙarƙashin kujera. Ta buɗe kwandonta ta zaro yadi fari fat, sabo, ko ninkin kanti bai sake shi ba, irin wanda ake ɗinka rigar Lahadi da shi. Ƙatuwar matar ta ce haba Iya Leitu, yadin da kika yini kina zaɓa? Iya Leitu ta ce Allah ya san kalar tsohuwar rigarta, ba zai kasa gane ta a coci ba. Ta naɗe yarinyar, ta tsayar da ita a ƙirjinta, kai a kan kafaɗa.

"Sakaria, ɗan nan," ta ce, "yau ka yi gudun nan da kake yi in matarka ta kira ka."

"Iya, ba ke ce kullum kike cewa ni ne ajalinki ba?"

"Yau na yafe maka. Taka."

Ya kashe kiɗan. Tunda aka auro Fuatino ba ta taɓa jin motar nan ba kiɗa ba, sai shirun ya zame mata abin tsoro shi ma. Yanzu ana jin komai: kukan inji, ƙarar katako, da numfashin Lupe, gajere, mai sauri, da ɗan fito a ƙarshensa.

Ba wanda ya ambaci garin Saletoa, amma kowa yana satar kallon rana, wadda ta riga ta sauka kan itatuwan kwakwa. Kowane gari yana da sa ɗinsa, wato tsayuwar addu'ar yamma, lokacin da ake buga ƙararrawa kowa ya shiga gida. A yawancin garuruwa mota takan wuce a hankali ba a ce mata komai. Ban da Saletoa. Tun shekarar da wata mota ta buge wani tsoho yana tsallaka hanya zuwa addu'a, masu sarautar garin suka yanke cewa in ƙararrawa ta biyu ta buga, ko keke ba ya motsi sai ta uku. Ga garin da tsawo kamar igiya, a miƙe a bakin teku, asibitin kuwa yana bayan gidansa na ƙarshe.

Akwai garuruwa uku kafin nan. Mai son sauka yakan ƙwanƙwasa rufin mota, Sakaria ya tsaya masa a ƙofar gidansa, a sauke kaya, a yi sallama, wani lokaci har a aiki direba da saƙo. A gari na farko ba wanda ya ƙwanƙwasa. Fuatino ta ɗauka ba mai sauka ne, sai da ta ga wata mata a bakin hanya, hannu a ƙugu, tana bin motar da kallo baki buɗe, mai kwakwa kuma yana ɗaga mata hannu ta taga kamar mai ba da haƙuri. Samarin baya suka ce masa yau da kaji zai kwana. Ya ce ai ya saba, kajin ma sun fi ta sauƙin kai. A gari na biyu, kusa da wani gida mai shuɗin fenti, Iya Leitu ta ɗaga hannu sama, sannan ta sauke shi a bayan Lupe ta ci gaba da shafawa. Fuatino ta gani, ba ta kawo komai a ranta ba.

Tana ta ƙoƙarin yin addu'a. Surukarta in ta fara addu'a sai shayi ya huce, kalmomi suna zuwa mata kamar ruwan famfo. Ita kuwa ko a taron matan coci aka ce ta buɗe da addu'a, muryarta ba ta wuce tabarmar da take kai. Yanzu ma ta lalubi Zabura ko ɗaya ta rasa. Abin da ya rage mata kalmomi uku ne, su take ta juyawa a ciki: Ubangiji, miƙo hannunka. Tana faɗa tana duban sama ta taga, inda ba komai sai gajimare ja. A ƙarƙashin addu'ar kuma akwai wani tunani da ya ƙi tafiya, cewa Shi da yake ganin komai ya ga kwalbar nan a gindin ginshiƙi tun rana, ya kuma ga wadda ta ajiye ta.

Ƙatuwar matar ta zagaye cikin Fuatino da hannu biyu ta riƙe ta gam.

Bayan gari na uku Lupe ta daina tari. Idanunta suka fara lumshewa, kanta yana zamewa daga kafaɗar tsohuwar. Iya Leitu ta ɗan buɗe yadin, Fuatino ta ga fatar tsakanin haƙarƙarin 'yarta tana lotsawa ciki duk numfashi, leɓɓanta sun yi toka-toka. Tsohuwar tana kiran sunanta, tana mintsinin kunnenta, tana ce mata ke 'yar ɓarauniyar lemo, buɗe ido ki ga teku. Amma wasan ya tafi daga fuskarta.

Suna kan gada ƙararrawa ta farko ta buga, ƙarfe a jikin tsohuwar tukunyar gas, sautin ya biyo ruwa ya iske su. Sakaria ya kwanta a kan sitiyari. Buhun fulawa ya kife, ba wanda ya kula. Sun hango rufin gidan farko, sun hango itacen mangwaro na bakin gari, sai ta biyu ta buga.

Masu tsaron sa ɗin sun riga sun fito, fararen riguna da jajayen zannuwa, kowa da sandarsa, a jere a bakin kwalta har iyakar gani. Biyu suka gitta doguwar gora a hanya. Sakaria ya tsaya, hancin motar kusan yana taɓa gorar, ya kashe inji. Daga gidan farko aka ɗauki waƙar yabo.

Ya leƙa ta taga yana magana ƙasa-ƙasa da babban masu tsaron, wani dattijo mai faɗin ƙirji da furfura a gemu. Fuatino ba ta ji duka ba, amma ta ga dattijon yana girgiza kai. Ba shi ya sa dokar ba, in ji shi, ba kuma shi zai ɗage ta ba. Masu ikon ɗagewa suna cikin gidajensu a zaune gaban Allah, wa zai shiga ya katse su? A yi haƙuri, yanzu za a gama. Kowa a motar ya san tsawon wannan yanzun: waƙa biyu, karatu, addu'a, minti ashirin in an yi sa'a.

Fuatino ta dubi Iya Leitu. Tsohuwar ta kara kunnenta a bayan yarinyar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ba a sauka daga mota a lokacin sa ɗin, balle mace, balle baƙuwa. Wanda ya yi, sunan gidansu za a kira a zaman masu sarauta, a ci su tarar aladu, a daɗe ana ba da labari. Surukinta mutum ne da bai taɓa sunkuyar da kai a gaban wani gari ba. Duk wannan ya bi ta kanta, ya wuce kamar ba da ita ake ba. Ta zare hannuwan matar daga cikinta, ta karɓi Lupe. Sakaria ya tallafi ƙunshin tana sauka, silifarta ɗaya ta maƙale a matakala, ta bar ta nan.

Kwaltar tana da sauran zafin rana. Ta taka har gaban dattijon ta zauna dirshan a ƙasa, ta naɗe ƙafafu, domin ba a yi wa babba magana a tsaye. Akwai gaisuwar da ake yi wa kowane gari, mai jero sarautunsa ɗaya bayan ɗaya, wadda in ba a fara da ita ba kamar an shiga gida ta taga ne. Ba ta san ta Saletoa ba. Ko ta sani, babu lokacin jera ta. Sai ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu.

"Baba," ta ce, "ni na ajiye kwalbar a ƙasa."

Ba abin da ta yi niyyar faɗa ba ke nan. Dattijon ya dube ta, ya sunkuya, warin ya buge shi. Ya ɗan ja yadin ya ga leɓɓan. Ya waiwaya ya dubi layin mutanensa, kowa a tsaye a gindin falwayarsa ta lantarki, inda doka ta ce kada ya wuce ta gaba da tasa sai ƙararrawa ta uku. Sannan ya jingine sandarsa a jikin gorar.

"Mota ba ta motsi," ya ce a hankali. "Amma mu an ba mu hanya, kowa daga falwayarsa zuwa ta ɗan'uwansa. Kawo ta."

Ta taga Iya Leitu ta yi masa raɗa mai kaifi, cewa a tsaye zai riƙe ta, kada ya kwantar da ita, ya kuma faɗa wa na gaba. Ya ɗora Lupe a kafaɗa, tafinsa ya rufe bayanta gaba ɗaya.

"Ke kuma, 'yata," ya ce, bai dube ta ba, "ban gan ki ba."

Ya ruga. Mutum mai jikoki, zane a ɗaure, yana gudu kamar saurayi. Na gaba ya hango shi ya yar da sandarsa ya miƙo hannu tun kafin ya iso. Kalma ɗaya ta shiga tsakaninsu, a tsaye, sai farin ƙunshin ya sauya kafaɗa ya ci gaba.

Fuatino ta cire ɗaya silifar ta bi su da ita a hannu. Gidajen Saletoa ba bango, ginshiƙai ne da rufi, ana ganin kowane iyali a zaune a kan tabarma, kaka a tsakiya da littafi. Waƙar wannan gida tana ƙarewa ta wancan tana farawa, sai ya zama kamar a cikin waƙa ɗaya mai tsawo take gudu. Kawuna suna juyowa, suna bin farin abin da ke wucewa, suna dawowa kanta, amma ba bakin da ya daina rerawa.

Ta ga na uku, siriri mai zanen gargajiya a fatarsa har gwiwa. Ta ga na huɗu, wani mai tumbi da zanensa ya kwance a tsakiyar gudu, ya damƙe shi da hannu ɗaya, yarinya a ɗayan, bai rage sauri ba. Daga nan ta daina ganin fuskoki. Su kowane sabon ƙarfi ne, ita kuwa ita kaɗai ce, ƙirjinta yana ci da wuta. Farin ƙunshin yana ƙanƙancewa a cikin duhun da ke sauka. Wani kare ya fito daga ƙarƙashin wata mota ya nufo ƙafarta, sai ga dutse daga cikin wani gida ya same shi a haƙarƙari. Wata tsohuwa ce ta jefo, tana zaune, bakinta yana kan baitin da ake yi.

A kwanar coci farin ya ɓace.

Nan ne tsoron ya kai mata inda bai taɓa kaiwa ba. Tunda ta haifi Lupe ba ta taɓa bari ta ɓace mata da gani a hannun wanda ba ta san sunansa ba. Yanzu ga ta a hannun wani da ko fuskarsa ba ta gani ba, kuma in numfashin ya tsaya, a kafaɗarsa zai tsaya, ita tana nan baya tana haki. Ta yi tuntuɓe ta faɗi, gwiwarta ta gurje. Wani hannu ya kama damtsenta ya tsayar da ita ya sake ta. Masu tsaron da suka miƙa yarinyar sun koma gindin falwayoyinsu suna mayar da numfashi, duk wanda ta iso sai ya nuna mata gaba da haɓa, ya kau da kai kamar bai ga kowa ba.

Tana shiga ƙofar asibiti ƙararrawa ta uku ta buga a bayanta. A baranda wani mutum yana tsaye, hannuwa a gwiwa, rigarsa ta manne da gumi. Hannunsa ba komai. Fuatino ta tsaya a gabansa. Ya nuna mata ƙofa ta biyu.

Lupe tana kan gado an tokare ta da matashi, an rufe mata hanci da baki da roba, tiyo ya tafi jikin doguwar tukunyar iska. Wata nas, mace mai gajeren gashi da tabarau, ta maƙale waya a kafaɗa tana magana da likita, hannuwanta suna aiki. Ta jero wa Fuatino tambayoyi ba ta ɗago ba: yaushe ta sha, kamar nawa, an ba ta wani abu, an sa ta amai? Da ta ji a'a, sai ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, ta ce to an kyauta. Ta tambayi wa ya kawo ta, don mutumin ya ajiye ta ne kawai ya ce kananzir, a tsaye, ya fita. Fuatino ta ce masu tsaron sa ɗin ne. Ba ta san sunan ko ɗayansu ba.

Aka ba ta kujera. Akwai wani ɗan abu da aka maƙala a babban yatsan ƙafar Lupe, yana nuna lamba a jikin na'ura. Nas ɗin lambar take kallo, Fuatino kuwa haƙarƙarin take kallo, yana lotsawa yana tasowa. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. A waje gari ya dawo da hayaniyarsa, ana kiran yara cin abinci. A hankali tokar leɓɓan ta fara washewa. Sai Lupe ta yamutsa fuska, ta kai hannu ta fizgi robar, ta tsala kukan da ya cika ɗakin.

Fuatino ta miƙe a firgice. Nas ɗin ta mayar da robar tana murmushi, ta ce ta bar ta ta yi, mai numfashi ce ke kuka. Ba a gama ba tukuna, in ji ta, sai an kwana biyu ana duba ta, domin zazzaɓi yakan biyo baya. Amma da an ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Da kukan ya lafa, Lupe ta kama yatsan uwarta, wannan dai da ta ƙi buɗe wa baki, ta riƙe. Fuatino ta ga farin yadin a yashe a ƙarshen gado, ta jawo shi da ɗaya hannun don ta ninke wa mai shi. Ba fari ba ne yanzu. A gefe akwai yatsu huɗu na baƙin mai, na Sakaria. A tsakiya, inda bayan yarinyar yake, tafuka ne a kan tafuka: baƙin gawayi na wanda ya taso daga murhu, jar ƙasa ta wanda ya dawo daga gona, maiƙon man kwakwa, har da ɓawon kifi guda biyu da suka manne suna ƙyalli. Ta fara ƙirgawa, ta kai bakwai, suka cakuɗe mata. Ta shimfiɗa nata tafin a kan wani, ya fi nata girma nesa ba kusa ba.

Tun daga Vaomea take roƙon Ubangiji ya miƙo hannunsa, tana duban gajimare. Ta daɗe tana kallon yadin. Sannan hawayen da suka ƙi zuwa tun rana suka zo, ta sunkuyar da kai ta yi godiya, ba da kalmomi masu yawa ba, kuma ba ta ji kunyar ƙarancinsu ba.

Ba ta ji shigowar Iya Leitu ba, sai ƙamshin shayin ganyen lemo. Tsohuwar ta ajiye kofi a kan akwatin gefen gado, ta karya burodi daga kwandonta ta ɗora a kai. Ta sunkuya ta ajiye silifar da aka bari a matakala kusa da 'yar'uwarta, ta daidaita su. Ta tsaya tana kallon ƙirjin Lupe, leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga, ta gyaɗa kai.

Fuatino ta ɗago yadin, tana haɗa kalmomin ban haƙuri da na godiya, tana tunanin da wanne za ta fara. Sai Lupe ta yi tari, ta juya da sauri ta tallafe ta, ta gyara robar, ta jira har numfashin ya koma daidai.

Da ta waiwayo, ba kowa a bakin ƙofa. Ta tagar ta hango ta a ƙarƙashin fitilar hanya, 'yar siririya, kwando a hannu. Motar Sakaria ta daɗe da yin yamma da sauran mutane. Ita gabas ta nufa, hanyar da suka fito, inda gidanta mai shuɗin fenti yake, garuruwa biyu a baya. Tana tafiya a gefen kwalta a hankali, ba ta waiwayo ba.